Mazubin Ja'afaru

Hantsi bai yi ba labari ya gama Dogon Dutsi: an kashe Ja'afaru mai zubin dalma. A bakin rumfarsa aka same shi kwance rub da ciki, ƙeya a fashe, hularsa ta soja can gefe cikin toka. An kwashe buhun tarkacen da yake narkawa, an kuma ɗauke mazubinsa.

Wannan mazubi kuwa babu wanda bai san shi ba. Baƙin ƙarfe ne ɓari biyu, da ramin ludayi a tsakaninsu. Daga Dakar Ja'afaru ya zo da shi lokacin da aka sallame shi daga soja bayan babban yaƙin Turawa. Sai ya narka tarkacen mota da na jirgin sama, ya haɗa ɓari biyun ya ɗaure, ya zuba, ya buɗe, ga ludayi fari fat yana ƙyalli. Ya sake haɗawa ya sake zubawa, haka har yamma, mazubin bai san ana yi ba. Shi yana ce wa farin ƙarfen alminiyom, mutanen gari suka ga sunan ya yi musu tsawo suka ce dalma. Daga Matankari har Dumega babu uwar da take son a kai ɗiyarta ɗaki ba da ludayin Ja'afaru ba.

Kafin a aika kiran mai bin sawu, gari ya riga ya yanke hukunci. Illo Bafillatani, wanda kullum da asuba yake kora shanunsa ta gaban rumfar zuwa rijiya, shi ya ga gawar. Ya tallafo kan, ya ga babu rai, ya sheƙa gidan mai gari da jini a gaban riga don ya faɗi. Jinin aka gani, bakinsa ba a saurara ba. Wani ya tuna shanun Illo sun taɓa tattake wa Ja'afaru gawayi har sun yi cacar baki. Wata ta rantse ta ga sabon ludayin dalma a ƙwaryar nonon matarsa. Shi ke nan, sai duka. Da gardawan bariki, 'yan sandan Nasara, ba su iso ba, da gawa biyu za a wanke a ranar.

Inusa mai bin sawu ya iso rana ta ɗaga, da sandarsa da jakar sakaina a kafaɗa. Tsohon maharbi ne, gajere, idonsa kullum a ƙasa, bakinsa kuwa ba ya raga wa kowa. In ya ga sawun da yake so sai ya kifa masa sakaina, don kada iska ko ƙafar wani ta ɓata shi. Da ya ga yadda aka yi wa gaban rumfar, sai da ya buga sandar da ƙasa.

"Tir da ku! Kasuwa kunka ci a nan? An kashe mutum, ku kuma kun zo kun kashe ƙasar da za ta ba da shaida! Ku ja baya na ce, masu ƙafafun raƙuma!"

Birgadiye, babban gardin bariki, ya gyara jar hularsa. "Tsoho, ba sai ka wahala ba, mun kama shi. Kamiyon Doso, babbar motar nan, na tashi bayan kasuwar Juma'a, da shi za ta tafi."

"Wa ya ga ya kashe?"

"Ga jini ga rigarshi."

"Ni ma in na tallafi gawa jini za ka gani ga tawa. Da kai ka kashe mutum, gidan mai gari za ka sheƙa ka faɗi?"

Birgadiye ya ɗaga kafaɗa. "Bature Kumandan mutum guda yake so. Ga mutum guda."

Inusa ya ja tsaki mai tsawo. Kowa a wurin ya san wanda aka kai Doso kan kisan tsohon soja ba ya dawowa. Illo na gindin bishiyar bedi a ɗaure, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Da tsohon ya zo wucewa ya ɗago kai da ƙyar.

"Baba Inusa, ka san ƙafata."

"Na san ta," in ji Inusa, bai tsaya ba.

Kofatai sun mayar da hanyar rijiya laushi tiɓis. Inusa ya bi gefenta a sunkuye, yana zagin shanu da masu shanu da 'yan kallo gaba ɗaya. Can kusa da wata sabara ya tsaya cak. Rabin sawu ne, kofato ya take sauran. Takalmin taya ne, irin wanda ake yankawa daga tsohuwar tayar mota, gajere mai faɗi, kuma ya nitse sosai, alamar mai shi yana ɗauke da kaya mai nauyi. Tunda kofato ne a bisa, mutumin ya riga shanu wucewa. Illo kuwa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sa takalmi ba.

"Ɗan gari ne, la'ananne," in ji Inusa a ransa. "Ya san lokacin shanu, ya bi gabansu don su share masa."

Ya kifa sakaina, ya karya kara daidai tsawon da ya ƙiyasta, ya ci gaba. A gindin dutsen da ake kira Tozon Bijimi mutumin ya fita daga hanyar shanu ya hau kan dutse. Inusa ya yi ta kewaya har la'asar, bai sami ko tsakuwar da aka ture ba. Ya koma ya jawo birgadiye ya buɗe masa sakainar.

"Takalmin taya? Rabin gari na da shi," in ji birgadiye.

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ɓata wa Inusa rai ke nan.

Issa mai kamiyo shi ke kawo wa Ja'afaru tarkace daga Yamai, shi ne kuma ke yanka takalman taya a bayan tasha. Inusa ya same shi kwance ƙarƙashin mota, ƙafafu kaɗai a waje.

"Fito. Ba da ƙafafunka na zo magana ba, ko da yake sun fi ka gaskiya."

Issa ya zamo waje yana goge baƙin mai. Da ya ji abin da ake zarginsa da shi, ya ɗaga hannu biyu sama. "Ni? Non, non, Baba! Asubar nan ina hanyar Dogon Kiriya, mota ta kafe cikin rairayi. Tambayi fasinjana, har da ƙanen liman, su sunka tura ta suna tsine mini."

Inusa ya cafko ƙafarsa ya gwada karan. Ƙafar Issa doguwa ce siririya, ta wuce karan da yatsu.

"Wa ka yanka ma takalmi daga wagga taya?"

"Wa ban yanka ma ba? Mahauta, maƙera, masu kanti, har gardawan da sunka kama Illo."

"To wa ke ƙin Ja'afaru?"

Issa ya yi wata dariya marar daɗi. "Ka tambayi wa ke son shi. Ɗan manoma ya dawo daga soja, ya hura wutar ƙira cikin gari, bai je ya gaida maƙera ba, ko goro bai kai musu ba. Masu fafe ludayin duma na jin haushinshi, 'yan kasuwa na jin haushinshi. Mutum ne mai ɗaga kai, Allah shi jiƙan shi."

Inusa ya tafi ya sami ƙanen liman, ya kuwa tabbatar da maganar, har ya nuna masa kantar da tura mota ta yi masa a tafi. Wannan hanya ta toshe.

Yana zaune ƙofar gidansa da safe yana cizon yatsa, sai ga Mariama matar Illo. Ko sallama ba ta yi ba. Ta sauke ƙwaryar nono, ta zaro ludayin dalma ta jefa shi gaban tsohon.

"Ga shi! Ga ludayin da za a kashe mijina dominshi! Matar Ja'afaru ta ba ni shi, ni na ba ta man shanu, ku je ku tambaye ta. Amma wa zai tambaya? Nonona kuna so, bakina ne ba ku so."

"To ga ni, ɗiyata. Faɗi."

"Washegarin kisan na ga hayaƙi bayan dutse, cikin kwazazzabon da kuke cewa aljana Doguwa na zaune. Ba hayaƙin kara ba ne, na gawayi ne, siriri. Na faɗa ma gardi, ya ce in ɓace mishi da gani."

Inusa ya miƙe, kunya da haushi sun haɗe masa, don shi ma bai tambaye ta ba. Wannan kwazazzabo ko masu itace ba sa shigarsa saboda tsoron iska. Wanda ya hura wuta a can ba ya son a gan shi.

Ya shiga da bisimilla da wuƙarsa a hannu. Bai ga Doguwa ba, amma ya ga aikin mutum. An haƙa ɗan rami an yi murhu, ga tokar gawayi, ga inda aka durƙusa. Gefe ga wata tsohuwar tukunya mai faɗin baki a kife, ƙasar ƙarƙashinta ta yi ɓawo, alamar ruwa ya zube ya bushe. Cikin ciyawa ya tsinci ludayi guda, cikakke, sai dai ba a goge bakinsa ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ɗige-ɗigen dalma. Ko'ina suke, a kan duwatsu, a jikin kwazazzabon har sama da tsayin mutum, wasu sun huda ganyen kalgo sun daskare a ƙasa. Ya taɓa tsayawa kallon Ja'afaru yana zubi ba sau ɗaya ba, bai taɓa ganin ko ɗigo ya yi tsalle ba.

Sawun kuwa shi ne dai, gajere mai faɗi. Da shigowa ƙafa biyu lafiya lau. Da fita ƙafar hagu da dunduniya kaɗai take takawa, ana jan ta. Ya bi ta har gindin wata aduwa inda aka ɗaure jaki, daga nan sawun jaki ya gangara ya shige cikin na jakunan masu zuwa gari.

Inusa ya tsince ɗige-ɗigen ya ƙulle a bakin riga. "Wuta ta ci ka, ɗan banza," ya ce da ƙarfi, kwazazzabon ya maimaita. "Yanzu gurgu nake nema."

Amma gurgun ya ƙi samuwa. Ya zauna bakin masallaci yana kallon ƙafafu, ya zauna bakin rijiya, ya leƙa mahauta. Guragun gari su ne dai waɗanda aka sani tun da. Ya je ɗakin shan magani na bariki, mai ba da magani ya ce babu wanda ya zo da ƙuna. Sai ya tuna cewa a Arewa wanda wuta ta ƙona ba bariki yake nufa ba, wurin maƙeri yake zuwa, don su ke da maganin wuta, su da suke bugun ƙirji cewa wuta ba ta cin su. Babban maƙerin unguwar kuwa Sha'ibu ne, mijin Balki, autar Inusa.

Ya same shi zaune kan buzu gaban uwar maƙera, walkinsa na fata ya rufe masa ƙafafu, yana bugun fartanya.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Sha'ibu daga zaune.

Inusa ya tsaya yana jira. Surukin kirki in ya hango uban matarsa tashi yake, ya tuɓe takalmi, ya fito waje ya durƙusa. Sha'ibu kuwa haka ya saba yi tun da aka ba shi Balki. Yau ko motsi bai yi ba. Ran tsohon ya yi baƙi ƙirin, amma ya haɗiye.

"Maƙeri, wani ya zo maka da ƙuna kwanan nan? Ga ƙafar hagu."

"Babu, Baba. In ya zo zan aiko."

Balki ta fito daga cikin gida da goyo a baya, ta durƙusa ta miƙa wa ubanta ruwa, idonta a ƙasa. Ya kurɓa ya miƙa mata, ya shafa kan jikansa, ya juya. Duk hanya faɗa yake shi kaɗai. "Ka ga ɗan iska! Na ba shi ɗiya, ya samu wuri, yanzu daga zaune yake gaishe ni kamar wani sarki. Zamani ya lalace wallahi." Mutane suna ratse masa, sun ɗauka maganar kisan ce ta taɓa shi.

Ranar jajibirin kasuwa ba shi da komai a hannu sai ɗige-ɗigen dalma da ludayin da ya tsinta. Ya nufi gidan mamacin. Kaltume, matar Ja'afaru, tana cikin takaba, daga bayan asabari ta amsa gaisuwarsa. Ita ce ke yi wa mijinta zuga, don babu maƙerin da ya yarda ya ba shi mai taimako. Ta tabbatar da maganar ludayin Mariama ba tare da an ja ta ba. Inusa ya kwance bakin riga ya tura mata abin ta ƙarƙashin asabarin, ya faɗa mata yadda ya same su.

Ta jujjuya su a tafinta, sannan ta ce, "Ruwa ne, Baba."

"Wane irin ruwa? Dalma ce."

"Ruwa ya shiga mazubin. Mai gidana ko gumi bai bari shi ɗiga ciki. Kafin shi fara zubi sai ya gasa mazubin ga wuta, ya bi cikinshi da baƙin hayaƙin fitila don kada ludayi shi manne. In ya yi zafi da yawa, ajiye shi yake iska ta sha shi, komi saurin da ake. Ya ce narkakkar dalma in ta tarar da ɗigon ruwa, tashi take kamar bindiga. Ya ce a Dakar ya ga wanda ta ɗebe ma ido." Ta turo masa ɗige-ɗigen waje. "Sun kashe shi don abin da ba su ma iya ba. Allah ya isa!"

"Zubin farko ya yi kyau, ga ludayin na tsinta," in ji Inusa a hankali. "Mazubi ya ɗauki zafi. Sai aka tsoma shi cikin tukunyar ruwa, aka ciro aka sake zubawa."

"Wanda bai sani ba ne."

"A'a. Wanda bai sani ba tsoron ƙarfen zai ji, ya bar shi shi huce. Wanga hannunshi ne ya saba. Ƙarfe ya yi zafi, bai ko yi tunani ba..."

Bai ƙarasa ba. A zuci ya ga walkin fata ya rufe ƙafafu. Ya ga mutumin da bai taɓa gaishe shi daga zaune ba sai ranar nan. Ya tuna wa ya je ya tambaya ko an zo da ƙuna, wawa da shi, ya tambayi mai ƙunar.

Bai san lokacin da ya fito ba. Ya zauna gindin katangar gidan. Fushin da yake yawo da shi duk kwanakin nan ya koma tsoro. Babu wanda ya sani sai shi. In ya yi shiru, gobe kamiyo ta tafi da Bafillatanin da ba shi da kowa a gari, Balki ta ci gaba da zama ɗakinta, jikansa ya tashi da uba. Wa zai tuhume shi? Tsoho ne, a ce idonsa ya fara rauni. Ya daɗe a wurin yana tsine wa Ja'afaru da girman kansa, da Turawan da suka kai shi Dakar, da ranar da ya koyi bin sawu. Amma duk inda ya juya, sai ya ji muryar nan daga gindin bedi tana cewa ya san ƙafarta.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka fito da Illo daga kaso, kurkukun bariki. Ɗan kason da za a kai nesa sai an buga masa marin ƙarfe a ƙafa, kuma aikin maƙeri ne, don haka aka nufi maƙerar Sha'ibu da shi. Issa ya kawo kamiyo ya tsaya bakin hanya. Inusa ya roƙi mai gari ya zo da kansa. 'Yan kasuwa suka biyo baya suka cika wurin, Mariama na can gefe ba wanda ya matsa mata. Balki ta tsaya ƙofar gida da goyonta.

Sha'ibu na zaune kan buzunsa yadda ya bar shi. Ya ciro zoben marin daga wuta jawur, ya lanƙwasa, ya daidaita, ya kai shi komin ruwan da ke damansa ya tsoma. Ruwan ya yi cuu, tururi ya tashi, bakin awartaki ya bugi wani abu a ƙasan komin, ƙwal. Kunnen Inusa kaɗai ne a wurin yake sauraro.

"Maƙeri," in ji Inusa, "don mi ka tsoma shi?"

Sha'ibu ya yi murmushin dole. "Haka munka gada, Baba. Ƙarfe in ya yi zafi ruwa ake ba shi."

"Kowane ƙarfe?"

Murmushin ya ɓace. Inusa ya matso ya zazzage ɗige-ɗigen dalma a kan uwar maƙera, ya ɗora ludayin da ba a goge ba. Ya juya wajen mai gari ya ba da labari tiryan-tiryan: takalmin da ya riga shanu, ƙafar Issa da ta fi kara, hayaƙin da Mariama ta gani aka kore ta, tukunyar ruwa, dunduniyar hagu, da abin da Kaltume ta faɗa. Bai ɗaga murya ba, wanda ya san shi kuwa ya san hakan ya fi tsawa muni.

"Na nemi mai ƙuna duk gari ban samu ba. Ashe shi ba ya zuwa neman magani, don shi ke ba da shi. Kuma ba ya iya cewa wuta ta ci shi, don gidansu wuta ba ta ci." Ya juyo. "Ran nan na zo maƙerarka, ba ka tashi ba. Na yi ta zaginka har gida, na ce ba ka da kunya. To yau ga mai gari, ga jama'a. Tashi ka gaishe ni."

Sha'ibu ya dafa ƙasa, ya yunƙura, gumi ya karyo masa, ya koma ya zauna.

"Baba!" Balki ta ratso mutane da gudu. "Baba, ƙunar aiki ce! Ni nake wanke mishi. Ya ce kada in faɗa ma kowa, don kada a yi ma maƙera dariya. Wallahi ƙunar aiki ce!"

Ta dubi fuskokin mutane, ta ga yadda suke kallonta, sannan ta gane abin da ta yi. Ta toshe baki da hannu biyu.

Birgadiye ya sa bakin bindiga ya ɗaga walkin. An naɗe ƙafar hagu da tsumma har ƙauri, tsumman ya jiƙe. Inusa ya nuna komin da sanda. Issa ya sa ƙafa ya ture shi, baƙin ruwa ya malala, ga ɓari biyu na mazubin Ja'afaru kwance cikin laka, tsatsa ta fara cin su.

"Ɗan manoma!" Sha'ibu ya fashe da ihu, jijiyoyin wuyansa sun tashi. "Tun kakan kakana mu ke hura wuta garin nan! Ya zo da abin Nasara ya hura tashi, ko sannu bai ce muna ba! Mata na wuce maƙerata suna tafiya wurinshi, ina ji suna cewa maƙerin gaske ya zo! Ɗauka kaɗai na je yi, in nuna ma duniya ba abin da ɗan maƙera bai iya ba. Ya fito mini ta baya yana ce mini ɓarawo, ni! Guduma na hannuna..."

"Rufe mini baki!" Nan ne fa Inusa ya saki fushinsa. "Kisan, ka ce zuciya ta ɗebe ka, Allah shi ke sani. Amma wanga marin fa? Da hankalinka ka hura wuta, da hankalinka ka auna ƙafar bawan Allah, kana buga mishi ƙarfen da ka san naka ne! Ka ci tuwon ɗiyata, ka wanke hannu, ka fito ka zauna kana ƙera shi! Tir!"

Jama'a suka yunƙuro, wasu har sun ɗebo duwatsu. Tsohon ya juya musu da sanda a sama.

"Wanda ya matso sai na fasa mishi kai! Ba ku ne kunka kumbura ma wancan ido ba? Da waɗannan hannuwan? Wa cikinku ya ce mishi yi haƙuri? Munafukai!"

Babu wanda ya ce, babu kuma wanda ya matso. Mariama ce ta ratsa ta tsuguna ta kwance igiyar hannun mijinta da haƙoranta, birgadiye na kallo bai hana ba, shi dai ya sami mutum guda. Illo ya miƙe yana layi, ya buɗe baki zai yi godiya.

"Tafi ka shayar da shanunka," in ji Inusa, bai dube shi ba.

Wani maƙeri aka kira ya ƙarasa marin, aka buga shi a ƙafar dama mai lafiya. Gardawa suka ciccibi Sha'ibu suka ɗora a bayan kamiyo cikin buhunan gero. Balki ba ta yi kuka ba. Sai da motar ta ɓace a hanyar Doso ta zo ta tsaya gaban ubanta, ba ta durƙusa ba.

"Baba, kai kaɗai ka sani."

"Ni da Allah, auta."

"Kai kaɗai ka sani," ta sake cewa, ta gyara goyonta ta shige gida.

Washegari Inusa ya dawo daga masallaci gari ya fara haske. Idonsa na ƙasa kamar kullum, don haka tun kafin ya kai ƙofa ya gani. Ƙaramar ƙafa ce ba takalmi, babban yatsa ya ɗan karkace, dunduniya ta nitse saboda nauyin goyo. Ya san ta tun ranar da ta fara takawa a tsakar gidan nan. Ta zo daga wajen maƙera har bakin zaurensa. Ta tsaya, ta daɗe, don rairayin ya lotsa inda ta yi ta sauya ƙafa. Har ta ɗaga ta dama ta ɗora a dokin ƙofa. Sannan ta janye ta, ta juya, ta bi hanyar Matankari, garin dangin mijinta.

Sawun sabo ne, ko kaza ba ta taka shi ba. Da ya ɗaga ƙafa, kafin rana ta yi zafi zai cim mata. Ya daɗe a tsaye yana kallon hanyar. Sannan ya sauke jakarsa, ya zaɓi sakainar da ta fi faɗi, ya durƙusa ya kifa a kan sawun da ya fi kusa da ƙofa.